Babban Gwani Mikaila, Maginin Masallacin Juma'a na Zariya

Duk wanda ya ratsa garuruwan arewacin ƙasar Zazzau, kamar su Ikara da Maƙarfi da Kudan, zai riƙa cin karo da tsofaffin zauruka na ƙasa, waɗansu da zankwayensu a tsaye, waɗansu kuwa damina ta zaizaye su har azara ta leƙo waje. Masu ɗaukar hoto sukan tsaya a gaban irin waɗannan gine-gine, musamman idan rana ta yi sanyi, haskenta ya kwanta a kan jan bango, ga gonakin rake a baya. Abin da suke nema shi ne kyawun ƙauye. Ba su cika tunawa ba cewa da wannan tubali da wannan azara ne wani magini ya yi aikin da masana gine-gine na duniya suka sanya cikin littattafansu. Wannan magini shi ne Malam Mikaila, wanda waɗansu littattafai ke kira Muhammadu Durugu, aka kuma fi saninsa da laƙabin Babban Gwani.

Ya yi zamaninsa ne a ƙarni na 19, watau bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, lokacin da sababbin sarakuna suke bukatar masallatai da fadoji waɗanda za su dace da sabuwar daula. A Zazzau, bayan Malam Musa da Yamusa, sarauta ta zo hannun Abdulkarimu, wanda ya kafa gidan Katsinawa, ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. A zamaninsa ne aka gina Masallacin Juma'a na birnin Zariya, dab da ƙofar fada, kuma Mikaila aka danƙa wa aikin. A sana'ar gini ta Hausa, ba kowane magini ake kira gwani ba, sai wanda ya ƙware har yana iya ƙago abin da bai gada ba. Shi kuwa Mikaila ba a tsaya kan gwani kawai ba, sai da aka ƙara masa da babba.

Kafin a gane girman aikinsa, tilas ne a dubi matsalar da ke gaban kowane maginin ƙasa. Bango ba shi da wuya ainun: a kwaɓa ƙasa da ciyawa, a mulmula tubali, a shanya shi a rana, sa'an nan a jera shi ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Rufi shi ne gardama. Azara, wadda ake tsagowa daga gangar jikin giginya, tana da kirki domin gara ba ta cika cinta ba, amma idan aka ɗora mata nauyin ƙasa, ba ta iya haye sararin da ya wuce wajen ƙafa shida ba tare da ta lanƙwashe ba. Wannan ne ya sa ɗakunan talakawa suke da ƙunci. Dabarar da magina suka gano ita ce su dasa azara cikin bango, su ɗaura wata a kanta tana ɗan zarcewa gaba, su lulluɓe da ƙasa, su jira ta bushe, su sake ɗaura wata, daga wannan gefe da wancan, har hannuwan biyu su haɗu a sama. Wannan shi ne bakan gizo. Idan bakuna suka gitta wa juna suka ɗauki rufin ɗaki, an sami ɗaurin guga ke nan, a kansa kuma ake ɗora tulluwa.

Mikaila bai ƙago bakan gizo ba, ya tarar da shi ana yi. Abin da ya yi shi ne ya kai shi inda ba a taɓa kai shi ba. Babban ɗakin sallar masallacin ya rufe shi da tulluwa shida, waɗanda suka hau kan manyan ginshiƙai na ƙasa, bakuna suna tasowa daga jikin ginshiƙan kamar rassan itace, suna saduwa can sama. Tsakanin bakunan ya shimfiɗa azara a jere, ya bar ta a fili, har ita kanta ta zama ado. Jikin ginshiƙan kuma ya yi musu zane mai zurfi na layuka da kusurwoyi, babu tarkace, sabanin irin adon fenti mai launi barkatai da ya cika fuskokin gidajen attajirai a ƙarni na 20. Bayan ɗakin salla, ginin ya ƙunshi zaurukan shiga da wuraren alwala da ɗakin shari'a, duk cikin katanga guda. Dukkan wannan an yi shi ne ba da zane a takarda ba. A ƙasa magini yake shata harsashi, sauran lissafin yana cikin kansa.

Sunansa bai tsaya a Zazzau ba. A ƙasar Bauci, a garin Kafin Madaki, akwai gidan da aka gina wa Madakin Bauci wajen 1860, wanda ake danganta shi da Babban Gwani, har ma da sunansa ake kiran babban soron gidan. A 1956 gwamnati ta sanya wannan gida cikin gine-ginen farko da aka keɓe a matsayin kayan tarihin Nijeriya.

Game da ƙarshen rayuwarsa, labarin da ya shahara a bakin jama'a shi ne cewa Sarkin Birnin Gwari ya gayyace shi ya gina masa masallaci, da ya gama kuwa sarkin ya sa aka kashe shi, don kada ya je ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Almajiran adabin Larabci za su tuna da Sinimmaru, maginin da aka ce sarkin Hira ya sa an jefo shi daga saman fadar da ya gina, bisa wannan dalili. Yawan yaɗuwar irin wannan labari a ƙasashe dabam-dabam ya isa ya sa mai nazari ya karɓe shi da hattara. Duk da haka, ba a ƙulla wa ƙaramin magini irin wannan labari. Zuriyarsa ta ci gaba da sana'ar a Zariya, kuma akwai unguwa a cikin birnin da ke amsa sunan Babban Gwani.

Ginin ƙasa kuwa rayuwarsa tana ga yaɓe. Kowace shekara sai an bi bango da rufi an toshe tsaga, an gyara indararo, an shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Muddin sarki yana tara magina kafin damina, masallacin Mikaila yana nan lafiya. Da siminti da kwano suka shigo, aka fara kallon ƙasa a matsayin kayan marasa hali, masu iya wannan gyara suka yi ta raguwa. A shekarun 1970 aka rushe waɗansu sassan harabar masallacin, aka gina sabon gini na kankare ya lulluɓe tsohon ɗakin salla, ya zama ba a ganin tulluwarsa daga waje.

An yi sa'a, kafin wannan lokaci wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna masallacin, ya zana taswirarsa, ya ɗauki hotunansa. Shi ne kuma ya jagoranci kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya a Jos, inda aka gina kwafin masallacin. Littafinsa mai juzu'i uku ya fito a 1990, bayan rasuwarsa. Hamman Tukur Sa'ad shi ma ya yi nazarin gwanayen maginan Hausa a kundin digirinsa na uku a 1981.

Ranar Juma'a, 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na rufin tsohon ɗakin ya rufto kan masallata, mutane da dama suka riga mu gidan gaskiya. Ginin yana da shekara kusan 190 a lokacin.