Alhaji Isa Kaita: Muryar da Ta Taso Daga Akra

'Yan uwa tsofaffin ɗalibai, duk sa'ad da na taso daga Kurfi na gifta Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita a Dutsin-Ma, sai in tuna malaminmu na kimiyya. Shi ya fara gaya mana cewa mai wannan suna ya taɓa aikin rediyo. Mu da Wazirin Katsina kawai muka san shi.

An haife shi a 1912, ya yi Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil. A 1941, ana tsakiyar yaƙin Hitila, ya tafi Akra, shi da Bello Dandago, suna karanta labaran yaƙi da Hausa. Tashar, mai suna ZOY, an buɗe ta a 1935, aikinta ta kamo shirye-shiryen BBC daga Landan ta miƙa su gidaje ta waya. Da yaƙi ya zo aka kafa mata na'urar gajeren zango, wadda sautinta ke tashi sama ya faɗo can nesa. Wanda ya taɓa murɗa akwati da damina ya san wahalar: tsawa ta tsoma baki, wata tasha ta hau kan wata, murya ta nutse ta taso. Dole mai karatu ya bi kalma ɗai-ɗai, domin wataƙila mai kasa kunnen ɗansa na bakin daga a Bama.

Bayan ya dawo ya shiga siyasa, ya riƙe ministan ilmi na Jihar Arewa har 1966. Ya rasu a 1994. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.