Iosif Shklovsky, masanin da ya gano tauraro mai zuƙar abokin zamansa

A watan Yunin 1962 wasu masana a Amurka, cikinsu har da Riccardo Giacconi, suka harba roka daga hamadar New Mexico suna neman hasken eksire daga Wata, wato irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye wannan haske, don haka sai an haura samanta ake iya kama shi. Wata bai ba su komai ba, amma na'urarsu ta kamo haske mai ƙarfi daga wajen taurarin Kunama. Aka raɗa wa tushensa suna Sco X-1, aka kuma rasa ko mene ne. Wanda ya warware zancen yana can Masko.

An haifi Iosif Shklovsky ranar 1 ga Yulin 1916 a garin Hlukhiv na Yukren, cikin gidan Yahudawa talakawa. Yana matashi ya yi aikin shimfiɗa layin dogo a gabashin Tarayyar Sobiyet, kafin ya shiga jami'a a Vladivostok, ya kammala a Jami'ar Masko a 1938. Raunin ido ya hana a kai shi fagen Yaƙin Duniya na Biyu. A 1953 ya yi suna da bayanin da ya bayar kan hasken Hazon Ƙaguwa, ragowar wani tauraro da ya fashe.

A 1967 ya zauna da ɗan abin da aka auna game da Sco X-1, ya ce ba tauraro ɗaya ba ne, biyu ne suke kewaya juna. Ɗayansu tauraron niyutiron ne, wato zuciyar ƙaton tauraron da ya mutu ta dunƙule, faɗinta bai wuce kilomita 20 da ɗoriya ba, nauyinta kuwa ya zarce na Rana. Wannan ɗan mitsitsin yana fizgo iskar jikin abokin zamansa. Iskar tana rikitowa kansa da gudun da ba shi misaltuwa, ta yi zafin digiri miliyoyi, sai ta riƙa fitar da hasken eksire. Abin lura shi ne a lokacin babu wanda ya taɓa tabbatar da akwai tauraron niyutiron. A takardun lissafi kawai yake. Ba kowa ya yarda da shi ba.

Hujja ba ta daɗe ba. A 1968 aka sanar da gano taurari masu bugawa kamar zuciya, waɗanda Jocelyn Bell ta fara lura da su a Ingila, aka kuma gane na niyutiron ne. A Disambar 1970 aka harba tauraron ɗan Adam Uhuru daga gaɓar tekun Kenya. Shekara na zagayowa ya nuna cewa wani tushen, Cen X-3, yana bugawa duk daƙiƙa 4.8, daga baya aka ga yana ɓoyewa bayan abokinsa duk kwana biyu. Shi kansa Sco X-1 an auna kewayensa, kusan sa'a 19.

Ba kullum hasashensa ke faɗawa daidai ba. A 1959 ya kawo shawarar cewa Fobos, ɗaya daga cikin watannin duniyar Mirriku, holoƙo ne, wataƙila ma ƙera shi aka yi. Bincike ya rushe wannan. Amma irin ƙarfin halin da ya kai shi ga kuskuren shi ne ya kai shi ga Sco X-1.

Kaifin harshensa ya ja masa. Ya tsaya wa Andrei Sakharov sa'ad da hukuma ta juya masa baya, aka kuma sha hana shi fita ƙasashen waje, alhali duniyar masana tana girmama shi. Amurkawa sun ba shi lambar Bruce a 1972. A gida kuwa, Majalisar Kimiyya ta Sobiyet ta ɗauke shi ƙaramin mamba a 1966, kuma a wannan matsayi ya rasu a Masko ranar 3 ga Maris 1985, ba a ba shi cikakkiyar kujera ba.