Sardauna Ahmadu Bello: Firimiyan da Ya Ƙi Tafiya Legas

An haifi Ahmadu Bello a garin Rabah, ƙasar Sakkwato, a shekarar 1910, cikin zuriyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a makarantar Midil ta Sakkwato, sannan a 1934 aka naɗa shi hakimin Rabah. Da gadon sarautar Sarkin Musulmi ya faɗi a 1938 ya nema, amma Abubakar na Uku ya samu, shi kuwa aka ba shi sarautar Sardauna. Rashin wannan gado ne, a ganin masana tarihi da dama, ya karkata shi zuwa siyasar zamani.

Tambayar da ta mamaye siyasarsa ita ce: a ina iko zai zauna, a Legas ko a yankuna? A watan Maris na 1953 Anthony Enahoro ya gabatar da ƙuduri a Majalisar Wakilai cewa Najeriya ta samu mulkin kai a 1956. Sardauna da jam'iyyarsa ta NPC suka ƙi yarda a yanka rana, domin Arewa ba ta da isassun masu ilimin boko, kuma suna tsoron ma'aikatan Kudu su gaje kujerun Turawa. An yi wa wakilan Arewa ihu a Legas, a watan Mayu kuma rikici ya ɓarke a Kano. Daga nan majalisun Arewa suka amince da manufofi takwas waɗanda suka nemi kowane yanki ya riƙe dukkan harkokinsa, a bar wa tsakiya tsaro da hulɗar waje da kwastan da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ba tare da majalisar dokoki ta tarayya ba. Ba su samu duka ba, amma tsarin mulkin Lyttelton na 1954 ya bar wa yankuna duk ikon da ba a lissafa wa tsakiya ba, kowanne da firimiyansa da ma'aikatansa da hukumar cinikin amfanin gona tasa. A shekarar ce Sardauna ya zama Firimiyan Arewa.

Da aka ƙirƙiro kujerar Firayim Minista a 1957, mataimakinsa a jam'iyya, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya hau ta. Bayan zaɓen 1959 ma, inda Arewa ke da kujeru 174 daga cikin 312, Sardauna ya zaɓi zama a Kaduna. Wasu na kiran wannan tawali'u, amma lissafi ne: kuɗin gyaɗa da auduga, da makarantu, da naɗin ma'aikata duk a hannun yanki suke. Da wannan iko ya kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962. Masu nazarin harshe kuma za su lura cewa Hausa ta kasance harshen muhawara a majalisar Kaduna tare da Ingilishi. A Nijar, inda ikon Damagaram da Damargu ke gangarowa daga Yamai, Faransanci ne ya riƙe wannan matsayi.

Sai dai 'yancin da ya ƙwato daga Legas bai raba shi da na ƙasa da shi ba. Ya ƙi buƙatar Joseph Tarka da jam'iyyar UMBC ta a yanke wa tsakiyar Najeriya yankinta, ƙasar Tibi kuwa ta yi bore a 1960 da 1964. Ya ɗora kwamishinoni 'yan siyasa a kan larduna, kuma a 1963, bayan binciken baitulmalin Kano, Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus aka kai shi Azare. Haka nan jam'iyyarsa ba ta ga laifi ba lokacin da gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a Yankin Yamma a 1962, aka kuma yanke Yamma ta Tsakiya daga cikinsa a 1963, alhali Arewa, wadda ta fi sauran yankuna duka faɗi, ba a taɓa ta ba.

Sojoji sun kashe shi a gidansa na Kaduna ranar 15 ga Janairu 1966. A watan Mayu Janar Aguiyi-Ironsi ya soke tarayya da doka mai lamba 34, abin da ya tayar da tarzoma a biranen Arewa. Yakubu Gowon ya maido da tarayyar, amma a watan Mayu na 1967 ya raba ƙasar zuwa jihohi 12, shida daga cikinsu a tsohon yankin da Sardauna ya mulka.