Hajiya Gambo Sawaba

An haifi Hajiya Gambo Sawaba a shekarar 1933. Sunanta na yanka Hajaratu, amma da yake ita ce ta biyo bayan tagwaye, sai aka riƙa kiranta Gambo, bisa al'adar Hausawa. Mahaifinta mutumin Gana ne, ya zo ƙasar nan aikin jirgin ƙasa, mahaifiyarta kuwa Banufiya ce.

Da ta isa shiga makaranta sai aka sa ta a makarantar En'e ta Tudun Wada, Zariya. Amma karatun bai yi nisa ba. A 1943 mahaifinta ya rasu, bayan shekara uku mahaifiyarta ta bi shi. Ga maraici, ga rashi, tilas ta bar makaranta. Tana da shekara 13 aka yi mata aure.

Wahala irin wannan takan karya zuciyar wani, wani kuwa ta ƙara masa ƙarfi. Gambo dai ƙarfi ta ƙara mata. Tun tana yarinya ba ta iya ganin babba yana cin zalin ƙarami ta wuce, sai ta shiga faɗan ta tsaya wa mai rauni. Da wannan hali ta girma, domin ta ɗanɗana zaman wanda ba shi da mai tsaya masa.

A 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, watau jam'iyyar neman sawaba ga talakawa, wadda Malam Aminu Kano ya shugabanta. Gambo ta shige ta, ta zama shugabar matanta a Zariya, har sunan Sawaba ya bi ta. Ta riƙa zaga garuruwa tana yi wa mata jawabi a kan ilmin 'ya'ya mata, da illar aurar da yarinya ƙanƙanuwa, da 'yancin jefa ƙuri'a. Duk abubuwan da ta rasa a ƙuruciya, su ta nema wa 'ya'yan wasu. Ciwon 'ya mace, ai na 'ya mace ne.

Saboda wannan ta sha duka, ta sha ɗauri sau da yawa, amma ba ta ja da baya ba. Allah kuwa ya ja kwananta har ta ga 1979, sa'ad da matan Arewa suka jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa.

Ba ta tara dukiya ba. Gidanta matattarar marayu ne da marasa galihu, abin da ta samu da su take ci. Ta rasu a watan Oktoba na 2001, aka sa sunanta a babban asibitin gwamnati da ke Ƙofar Gayan, Zariya. Allah ya jiƙanta, amin.

Tambayoyi

1. Don me ake kiranta Gambo?
2. Me ya sa ta bar makaranta?
3. Waɗanne abubuwa uku ta nema wa mata?