Grace Hopper: Matar da ta samar wa kwamfuta tafinta

Duk ɗalibin kwamfuta, a Kontagora yake ko a wata duniya, idan ya ɗauko tushen rubutun wata manhaja domin ya harhaɗa ta ya girka a na'urarsa, sai ya bi ta hannun wata manhaja mai aikin tafinta. Ita ke mayar da rubutun ɗan Adam zuwa lambobin da na'ura ke ganewa. Marigayiya Grace Hopper na cikin waɗanda suka aza harsashin wannan fasaha.

An haife ta a birnin New York na Amurka ranar 9 ga Disamba, 1906. Ta karanci lissafi a Kwalejin Vassar, ta kuma sami digirin digirgir a Jami'ar Yale a 1934. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, a 1943, ta shiga rundunar sojan ruwa, aka tura ta Jami'ar Harvard inda ta yi aiki da na'urar Mark I.

A wancan zamani da lambobi zalla ake rubuta wa kwamfuta umarni, aiki mai cin rai da yawan kuskure, wanda sai ƙwararru ƙalilan ke iyawa. Bayan ta koma kamfanin da ya ƙera UNIVAC a 1949, Hopper ta fito da A-0 a 1952, manhajar da ke tattaro gutsattsarin umarnin da aka adana ta haɗa su su zama shiri guda.

Da ta kawo shawarar a riƙa rubuta umarni da kalmomin Ingilishi, da yawa sun ƙi amincewa, a ganinsu kwamfuta ba ta san komai ba sai lissafi. Ba ta karaya ba. Ita da abokan aikinta suka samar da FLOW-MATIC, wanda ya zama ginshiƙin harshen COBOL na 1959, harshen da bankuna da hukumomi da dama ke amfani da shi har yau.

Ta yi ritaya daga soja a 1986 tana da shekara 79, da muƙamin Riya Admiral. Ta rasu ranar 1 ga Janairu, 1992, aka binne ta a maƙabartar Arlington. A 2016 Shugaba Barack Obama ya karrama ta da lambar 'yanci ta shugaban ƙasa.