Jagadish Chandra Bose, malamin da ya ga ƙarfe yana gajiya

Dutsen tozalin nan da iyayenmu mata ke niƙawa su ranganɗa a ido, masana suna kiransa galena. To, da wannan dutse wani ɗan Indiya ya ƙera na'urar kama saƙon rediyo tun kafin a san transisto, balle wayar salula. Sunansa Jagadish Chandra Bose.

An haife shi ranar 30 ga Nuwamba 1858 a Mymensingh, cikin Bangaladash ta yau, lokacin Turawan Ingila na mulkin Indiya. Mahaifinsa ƙaramin alƙali ne a gwamnati, yana da halin sa shi makarantar Turanci tun daga farko, amma sai ya kai shi makarantar da ake koyarwa da harshen Bengali. A nan ya zauna aji ɗaya da ɗan wani Musulmi mai yi wa mahaifinsa hidima, da kuma ɗan masunci. Bose ba Musulmi ba ne, amma har ya tsufa yana tuna wannan zama da labaran tsuntsaye da kifaye da ya ji daga bakin yaran. Iyayen da ke ganin fara karatu da harshen gida koma baya ne, ga abin dubawa.

Daga baya ya yi kwalejin Saint Xavier a Kalkata, ya tafi Landan a 1880 don karatun likita. Zazzaɓi ya hana shi sakat, ya bar likitanci ya koma Kambirij ya karanta kimiyya, ya gama a 1884.

A 1885 aka ɗauke shi koyar da fizis a Kwalejin Presidency ta Kalkata, amma aka yanka masa albashi kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ake ba Bature mai irin aikinsa. Bose bai bar aiki ba, bai kuma tayar da jijiyar wuya ba. Albashin kawai ya ƙi karɓa. Shekara uku cur yana shiga aji ba ya ɗaukar ko sisi, alhali ga bashi ya yi wa mahaifinsa katutu. Daga ƙarshe hukuma ta ji kunya, ta daidaita albashin, ta biya shi na baya, ya rage wa tsohon bashi da kuɗin.

Ɗakin bincikensa ɗan tsugul ne, kayan aikin kuma shi da wani maƙerin gwangwani suka riƙa haɗa su. Da su ya samar da igiyoyin rediyo gajeru ƙwarai, masu tsawon kamar milimita biyar. A tsakiyar shekarun 1890 ya tara jama'a a babban zauren garin Kalkata, ya aika saƙo ba tare da waya ba, ya ratsa bango ya kaɗa ƙararrawa, ya kuma tayar da albarushi. A 1897 ya yi bayanin aikinsa gaban manyan masana a Landan.

Ina tozali ya shigo? Galena na cikin abubuwan da ake kira semikondokta, wato ba sa barin lantarki ya wuce a sake kamar tagulla, ba sa kuma tare shi ɗungum kamar roba. Bose ya gano cewa idan aka ɗora bakin siririyar waya kan ƙwayar dutsen, wurin haɗuwar yana jin igiyar rediyo. Ba ya son mallake ilimi don kuɗi, sai da wasu ƙawayensa biyu mata suka matsa masa kafin ya nemi takardar mallakar fasahar a Amurka, aka ba shi a 1904. Da dama na lissafa ta a matsayin ta farko da aka bayar kan na'urar semikondokta. Bai nemi arziki da ita ba. Marconi kuwa ya kafa kamfani, ya kuma samu kyautar Nobel a 1909.

Abin da ya juya rayuwar Bose ƙaramin abu ne. Ya lura cewa na'urarsa ta ƙarfe, in ta daɗe tana aiki, ƙarfin jinta yana raguwa, in aka bar ta ta huta sai ya dawo. Kamar tsokar ɗan dako ke nan. Sai ya shiga gwada ƙarfe da tsoka da tsiro da lantarki, yana zana yadda kowanne ke amsawa, ya ga zanen suna kama da juna. Ya tattara wannan a littafin da ya fitar a 1902. Ya ƙera na'urar da ke faɗaɗa motsin girman tsiro sau dubu goma, ya kuma nuna cewa tsiron nan mai naɗe ganye in an taɓa shi da saƙon lantarki yake yin haka.

Nan fa ya taka sawun masana ilimin jiki na Ingila, irin su John Burdon Sanderson. Suka ce malamin fizis ya tsaya a gonarsa. A gani na, akwai raini a cikin sukar, amma ba duka ba ne raini. Bose ya wuce makaɗi da rawa inda ya kwatanta tsiro da dabba mai jijiya sak, kuma gajiyar ƙarfe ba alamar rai ba ce. Sai dai tambayarsa tana kan hanya. A 1952 Alan Hodgkin da Andrew Huxley suka bayyana yadda jijiya ke aika saƙo, kuma da zanen da'irar lantarki suka yi bayanin, irin wanda mai gyaran rediyo zai gane. Yau ana gina ƙananan lezar semikondokta masu tartsatsin haske kwatankwacin yadda jijiyar ƙwaƙwalwa ke harba saƙo.

A 1917 ya buɗe cibiyar bincike mai ɗauke da sunansa a Kalkata, wadda ke aiki har yanzu, kuma a 1920 aka zaɓe shi cikin ƙungiyar masana ta Royal Society. Ya rasu a Giridih ranar 23 ga Nuwamba 1937, saura mako ɗaya ya cika shekara 79. Shekara 25 bayan haka, a 1962, aka kunna lezar semikondokta ta farko a Amurka.