Marigayi Ali Farka Ture, Makaɗin Jita Kuma Manomin Niafunke

Jama'a, a wannan fitowa mun ɗauko tarihin wani bawan Allah ɗan ƙasar Mali wanda ya zaga duniya da jita, amma bai yarda duniya ta raba shi da garinsu ba.

An haifi Ali Ibrahim Ture a shekarar 1939 a ƙauyen Kanau, cikin yankin Tambutu, a bakin kogin Kwara, wato kogin nan da muke ƙetarewa a Jebba ko Lokoja in za mu gida. Shi ne ɗa na goma a wurin mahaifiyarsa, kuma shi kaɗai ya rayu, sauran duk sun koma tun suna jarirai. Saboda taurin ransa aka laƙaba masa Farka, wato jaki. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, sai iyalin suka koma Niafunke, inda ya tashi.

To, kiɗa dai ba gadonsa ba ne. A can ma, kamar a wurinmu, maroƙa gidansu daban, ɗan asali kuwa ba a son a gan shi da abin kiɗa. Amma yaro ya ƙi ji. Yana wajen shekara 12 ya haɗa wa kansa wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, ɗan'uwan kuntigi, daga baya ya koyi njarka, mai kama da kukuma. A 1956 ya ga Keita Fodeba, mutumin Gini, yana kaɗa jita, nan take zuciyarsa ta kamu. Sai ya riƙa aron jita yana ɗora mata kiɗan da ya iya a tsirkiya ɗaya. Wannan shi ne asirin hannunsa: jitar ta Bature ce, amma maganar da take yi ta bakin kogi ce.

Bayan Mali ta samu 'yanci a 1960 ya shiga ƙungiyar wasan gargajiya ta Niafunke. Jitarsa ta farko kuwa sai a 1968 ya saye ta, a ƙasar Bulgeriya, inda suka je wakiltar Mali. A lokacin ne kuma ya fara jin fayafayan baƙar fatan Amurka irin su John Lee Hooker, ya ji kiɗan kamar na gida, ya tsaya a kan cewa tushensa Afirka ne. Ya yi aiki a gidan rediyon Mali cikin shekarun 1970, yana aika waƙoƙinsa Faransa ana buga su a faifai. Yana waƙa da yaren Songai, dangin Zabarmanci, da Fulatanci da Buzanci da Bambaranci, yana jan hankali a kan noma da ilimi da riƙon zumunci.

Daga 1987 Ingila ta buɗe masa ƙofa. Faifansa Talking Timbuktu, wanda suka yi da Ry Cooder a 1994, ya ci lambar Grammy. Wani da tuni ya tare a Turai. Shi kuwa ya koma gonarsa ta shinkafa, yana ɗaukar kansa manomi kafin makaɗi, har sai da masu ɗaukar murya suka kwaso na'urorinsu suka biyo shi gida, aka yi faifan Niafunke na 1999. A 2004 aka zaɓe shi magajin gari, ya sa kuɗin aljihunsa wajen gyaran hanyoyi da magudanan ruwa da man injin wutar lantarki. Faifan da suka yi da Toumani Diabate a 2005 ya sake jawo masa Grammy.

Allah Ya yi masa rasuwa a Bamako cikin watan Maris na 2006, bayan fama da ciwon daji na ƙashi, aka kai shi Niafunke aka binne. Ɗansa Vieux ya gaji jitar.

Mu da neman abinci ya fito da mu, sai kowa ya tambayi kansa me garinsu ya gani daga cinikinsa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya jiƙan Ali, Ya sa mu cika da imani, amin.